Rana a Idon Baƙo

Shekara ashirin ina yawo da jakuna tsakanin Goronyo da Wurno da Rabah, ina kai busasshen kifi ina komowa da albasa da gishiri, kuma duk zangon da na sauka sai an tare ni da tambaya ɗaya: wane fagen dara ne ya fi a ƙasar nan? Ni kuwa bakina ba ya ciwo. Sai in gyara zama in jera musu. Wurno ce ta fari, Rabah na biye, mu Goronyo muna can baya muna jan ƙafa. Na Achida da na Giyawa ko ambatonsu ba na yi. Mutane suka riƙe maganata kamar karatu, har wanda bai taɓa taka Wurno ba sai ka ji yana rantsuwa babu kamar fagenta, wai Mode mai jakuna ya faɗa. Allah ya yafe mini wannan surutu.

Ina da hujjojina. Ƙasar Rabah tsakuwa gare ta, kafin ka gina gurbi talatin ka bar fatar yatsa a ciki. Kuma in ka je musu baƙunci sai su tura maka tabarma cikin inuwa, su ba ka tsinke ka yi wasa da shi, su kuma su ɗauki tsakuwa, ni kuwa a wautata na ɗauki wannan rashin sanin darajar kai ne. Tamu ta Goronyo laka ce, da rani ta tsattsage, awaki su ratsa ta tsakiyar wasa. Amma fagen Wurno rairayin gulbi ne da aka tankaɗe kamar garin tuwo, a gindin wani gawo a bayan ganuwa, inda malamai ba sa gani balle su yi faɗa. Sannan ba a taɓa jin baƙo ya je can ya ci wasa ba. Babban dalilin kuwa, wanda ba na faɗa, yayana Maccido ne ya kafa fagen da hannunsa, ya shekara goma sha ɗaya a babban gidan dara na jikin gawon babu baƙon da ya kayar da shi. Tun da ruwa ya cinye mana gona muka koma Goronyo ban sake zama a wurin ba. Da sassafe nake ratsa Wurno in wuce, ina ta yabon abin da rabona da shi shekara ashirin da biyu.

A bazarar da nake ba ku labari yanar ido ta kama Maccido. An yi tozali, an yi tofi, an yi hayaƙi, abu sai gaba yake yi. In haske na bayansa yana ganin gurbi da abin da ke cikinsa. In kuwa hasken ya doke shi a fuska, shi ke nan, duniya ta zama fari fat kamar an watsa masa nono. Mai maganin da ya duba shi bai ɓoye mana ba, ya ce da wuya ɗan ganin da ya rage ya kai faɗuwar ruwa.

Kwana uku yana zaune a zaure, ya juya wa ƙofa baya, yana feƙe tsinken dara goma sha biyu da itacen ƙirya. Da ya gama ya aika aka kira ni.

"Mode, ka kai ni Wurno," in ji shi. "Wasa guda nika so, bisa rairaina, rana na bayana, tun ina ganin gurbi. In na yi shi, idon shi ruhe in ya so."

'Yarsa Hassana, wadda ke ɗawainiya da shi, ta ƙi. Ta ce zafin bazara ne, ta ce waɗanda ya sani a can rabinsu na ƙasa. Ta ja ni gefe ta ce in na komo mata da ubanta a wulaƙance, to in nemi wata 'yar da za ta riƙa gaishe ni. Na yi mata dariya. Na ce mutumin da ya kafa wuri da hannunsa, ai buzu za a shimfiɗa masa tun daga bakin ganuwa. Ta ƙulla mana fura, ta ɗora wa ubanta malfarsa a ka.

Muka kwana Kwargaba, hantsi na ɗagawa muna gindin gawon. Wuri kam ya yi kyau, ba zan ci amanar gaskiya ba. An share shi tas, gidajen dara biyar a jere cikin inuwa, babban na jikin gawon rairayinsa har ƙyalli yake. Maza kamar goma sha biyar sun baje a kan tabarmi da buzaye, marina da hannuwansu shuɗaye, da dillalan goro, da wasu da ban ga alamar sun taɓa riƙe fartanya ba. Magana ƙasa-ƙasa, dariya ƙasa-ƙasa, kowa ya san barkwancin kowa. Na yi sallama, aka amsa a ciki-ciki. Na ja hannun Maccido za mu shiga, sai wani marini mai faɗin baki ya miƙo ƙafa ya nuna mini wasu duwatsu da aka jera kewaye da inuwar. Da ƙafa fa. Ya ce baƙi daga nan suke tsayawa, ga rumfarsu can, sai la'asar ake karɓarsu.

Na duba rumfar. Zana ce guda a kan sanduna huɗu, ta zube ta gefe ɗaya, kashin jakuna a ƙarƙashi. A jikin gawo ga randar ruwa da moɗa mai tsabta, a bakin rumfa kuwa wata fasasshiyar ƙwarya da kaji suka gama sha. Nan zuciya ta fara ciyo ni. Na ɗaga murya na tambaye su ko sun san wanda suke nuna wa dutse da ƙafa.

Hayaniyar ce ta taso da mai fagen, Atiku. Na san shi tun yana saurayi, Maccido ne ya koya masa jera uku, kuma ko a lokacin kansa ba ya ja. Yanzu ya yi tumbi, ya yi gemu. Ya ƙura wa yayana ido, sai na ga ya zube ƙasa yana "Baba, Baba." Ya juya ya gaya wa sauran cewa wannan shi ne Maccidon da suke ambata kowace shekara ranar ɗaukar rairayi. Suka taso ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa, har mai faɗin bakin. Na ce a raina, Hassana, ina ma kina nan.

Maccido ya ɗaga ƙafa zai tsallake duwatsun, sai Atiku ya riƙe masa hannun riga a hankali.

"Baba, ka gahwarce ni. Bana ba ka ɗauko rairai ba."

Bari in gaya muku al'adar, don ni ma sai a ranar ta dawo mini sosai. Duk shekara, in gulbi ya janye bayan damina, akwai rana guda da kowane ɗan fage zai gangara ya cika kwando da rairayi, ya ɗauko a kansa har gindin gawo. Ba a aiken ɗa, ba a aiken bara, ba a ɗora wa jaki. Wanda ya ɗauko shi ne ɗan gida har wata shekara. Hantsi nasu ne, lokacin da inuwa ke tsaye a kan fage, su da tsinke, su da randa. Wanda bai ɗauko ba baƙo ne. Sai bayan la'asar zai yi wasa, ya tuɓe malfa a bakin duwatsu, ya zauna ta gabas yana fuskantar yamma, a zuba masa kashin raƙumi goma sha biyu a hannu su ne 'ya'yansa. Kuma ɗan da yatsanka ya taɓa, shi za ka tura.

Ban san sa'ad da na fara zazzaga musu ba. Na ce wanne ne a cikinsu ya san inda aka samo rairayin farko? Na ce wannan tsohon ya yi sawu arba'in zuwa gulbi lokacin da iyayensu ke goye da su. Na ce ido ne ke rufewa, wasa ɗaya ya zo yi, ba gadon gawon ya zo nema ba. Atiku ya bari sai da na gaji, sannan ya amsa cikin ladabin nan da ya fi zagi ciwo.

"Mode, ba ni na aza doka ba. Ga mai ita nan tsaye. Shi yac ce wanda bai ɗauko rairai bisa kainai ba baƙo na, ko da shi yag gina hwagen. Ina wurin, da kunnena na jiya."

Na juya ina jiran yayana ya ƙaryata shi.

"Ni nac ce," in ji Maccido.

Duk da haka ban haƙura ba. Na ce to ga gulbi can, a ba mu kwando yanzu ya ɗauko, ni in tallafa masa. Suka ce ranar rairayi sai bayan damina. Na ce bayan damina ba shi da ido. Suka ce Allah ya ba shi lafiya. Na ce a bar shi ya yi da hantsin gobe, suka ce hantsi na 'yan gida ne. Na ce to su zauna kudu da arewa, kowa rana ta dake shi a kunne. Marinin nan ya kwashe da dariya, ya ce irin zaman mutanen Rabah ke nan, shi ya sa har gobe suke na biyu. Daga ƙarshe Atiku ya ce saboda girman Baba za a yi masa abin da ba a yi wa kowane baƙo, za a buɗe masa babban gida, kuma shi da kansa zai zauna masa. Amma mazauni da malfa da tsinke, wannan ba hannunsa. Yana faɗa yana duban jama'a, wai shi ya yi abin kirki.

Na ce wa Maccido mu tafi, Rabah ba nisa, can za a ba shi inuwa har da fura. Ya girgiza kai. Ya ce wurin da ya zaunar da mutane shekara goma sha ɗaya bai fi ƙarfinsa ba, kuma shi ne ke gaya musu namiji ba ya tsoron rana. Taurin kan gidanmu ke nan, ni a baki, shi a zuci.

Muka wuni a rumfar nan. Na share kashin jakunan da takalmina, na dama masa furar Hassana a ƙwaryarmu, don na rantse ba zai sha a tasu ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne salla. Azahar ta yi muka tsaya sahu ɗaya, kafaɗata na gugar ta marinin. La'asar ma haka. Ana sallamewa kowa ya koma gefensa na duwatsu, kamar ba yanzu muka sa goshi a ƙasa ɗaya ba.

Da lokaci ya yi Maccido ya tuɓe malfarsa ya miƙo mini, haɗe da 'yar jakar tsinkensa. Na kai shi mazaunin gabas. Rana ta riga ta sauko ƙarƙashin rassan gawo, tana shigowa a miƙe, ta daki farin rairayin nan ta tashi ta shiga ido. Ni mai lafiyar ido da na tsuguna a bayansa sai da na kare fuska da hannu. Shi kuwa kafin a gama zuba masa kashin raƙumin hawaye sun fara bin gemunsa. Atiku ya zauna ta yamma, rana na bayansa, yana ganin komai sarai.

Aka fara dasa 'ya'ya. Nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Maccido ba ya ganin gurbi ko ɗaya, amma fagen na cikin kansa. Yana jin inda hannun Atiku ya sauka, sai ya miƙa nasa ya ajiye daidai. Kafin a gama dasawa ya haɗa abin da 'yan dara ke kira doki, wato zaman da in ka tura ɗa guda gaba ka jera uku, ka komo da shi baya ka sake jera uku, kana ci kana ƙarawa. Hirar 'yan gida ta mutu. Ya ci tsinken Atiku ɗaya, ya ci na biyu. Na ga gumi na tsattsafowa a wuyan mai fage, na ji daɗi har cikin ƙashina.

Daga nan Atiku ya koma tura tsinkensa a hankali, ba ƙara ba motsi. Na ce a riƙa gaya wa tsoho inda aka tura. Aka ce ɗan kallo ba ya magana, balle ɗan rakiyar baƙo. Maccido ya miƙa hannu yana shawagi a kan fage, yana neman ɗan da zai tare hanya da shi. Hannun tsoho ne, ga wunin zafi, ga ido na zuba. Ɗan yatsansa ya gogi wani ɗa daban, wanda ke riƙe da dokin.

"Ya taɓa," in ji marinin.

Na dubi Atiku. Kalma ɗaya ce, ya ce a bari, babu wanda zai musa masa. Ya sunkuyar da kai yana wasa da gefen tabarma. Har na mutu ba zan manta da wannan sunkuyon ba. Maccido bai roƙi kowa ba, ya ɗauki ɗan da ya taɓa ya tura, dokin ya watse. Abin da ya biyo baya ba wasa ba ne. Atiku, wanda ko ni sai in ba shi biyu in cinye shi, ya riƙa tsince kashin raƙumin ɗaya bayan ɗaya har saura biyu.

Akwai wani tulin tsakuwa a gindin gawon, duk baƙon da aka cinye sai a jefa guda. Na ƙasa-ƙasan duk na baƙin da Maccido ya cinye ne. Atiku dai ya kasa tashi, marinin ne ya ɗauki tsakuwa ya jefa, ta yi ƙas a kan sauran, wasu suna cewa Wurno ba a cin ta. Na ɗaga ƙafa zan watsa musu babban gidan nasu kowa ya huta, sai na ji an riƙe mini ƙafar wando. Yayana ne. Bai tashi daga mazaunin ba, fuskarsa na kallon rana, idon ya yi jawur.

"Atiku," ya ce, "duk wanda ya zamna nan, hakanga shika gani?"

Atiku ya yi ta inda-inda, ya ce mai lafiyar ido yana ɗan gani da farko, sai wasa ya yi nisa ne idon ke cika da ruwa, gurabun su riƙa haɗewa.

"Shekara goma sha ɗaya ina cewa ni nika cin su," in ji Maccido. "Ashe rana ka cin su, ni ina zamne ina amsar gaisuwa."

Na ɗaga shi, na mayar masa da malfarsa. Muna kwance jakuna Atiku ya biyo mu, wai a bar musu tsinken Baba su rataye a jikin gawo don tunawa. Na ce masa mai tsinken ya zo da ransa sun ajiye shi cikin kashin jakuna, itacen ne za su girmama? Na gaya masa wasu maganganun da ba zan maimaita ba, don yanzu na tsufa.

Haushin da na komo da shi ya rasa inda zai sauka. Ina jin haushin Atiku da ladabinsa, ina jin na marinin, ina jin na yayana da ya gina rami bai gina shi gajere ba. Hassana ta tare mu a ƙofar gida, ta ɗaga malfar ta dubi idon ubanta da ya kumbura, ta dube ni, ta ja shi ciki. Ba ta sake gaishe ni ba sai da aka yi girbi. Ganin da aka ce zai kai faɗuwar ruwa bai kai ba, kwana tara da komowarmu ya rufe. Tsinken ƙiryar nan ko sau ɗaya ba su shiga gurbi ba.

Wata rana da hantsi ina zaune wurinsa a zaure, sai ya tambaye ni, a fagenmu na Goronyo ina muke ajiye baƙo? Na yi kamar ban ji ba. Ya sake tambaya. Na ce gabas. Ya ce da duwatsu? Na ce da duwatsu. Bai tambayi wanda ya kawo wannan tsari ba, don ya sani. Ni ne, shekarun baya, na ce musu in suna son Goronyo ta taɓa matsawa gaba sai mun yi yadda manya ke yi.

Ranar ban ci abincin rana ba. Na ɗauki fartanya na nufi fagenmu, na tarar da 'yan gida a baje cikin inuwa, mutanen da muka tashi tare. Na ce a kwashe duwatsun nan, a juya gidajen dara kudu da arewa, a bar baƙo da malfarsa. Na ba su labarin Wurno tun daga rumfa har tsakuwa. Suka saurara, suka yi wa Maccido addu'a, sannan babbanmu, wani tsohon masunci, ya karɓe fartanyar daga hannuna ya jingine ta.

"Hakanan aka yi Wurno," in ji shi, "kuma Wurno ta ɗara kowa."

Na tambaye shi wane maƙaryaci ne ya gaya musu haka.

"Kai, Mode. Shekara ashirin kana hwaɗa muna."

A bayan duwatsu wani mutumin Giyawa na tsugune, ya riga ya tuɓe malfarsa ya riƙe a hannu, yana jiran la'asar.